Tsohuwar Kyamarar Fim: Tambayoyi da Amsoshi Kan Saye da Kula da Ita

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda suka tsinci tsohuwar kyamara a akwatin mahaifi, ko suka hango ta a wurin masu kayan gwanjo suna shawarar saye. Maganar ta fi karkata ga masu cin fim na 35mm, domin su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi araha.

Wai har yanzu ana yin fim ɗin ɗaukar hoto?

Ana yi. Kodak a Amurka tana fitar da masu kala irin su Gold 200, ColorPlus 200 da UltraMax 400. A Ingila ana yin Ilford HP5 Plus da Kentmere, a Jamhuriyar Cek ana yin Fomapan, dukkansu baƙi-da-fari. A 2024 ma an fitar da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17.

Abin da ya yi ƙaranci a wurinmu shi ne wurin wanki. Galibin situdiyoyin da a da kake kai musu fim da safe ka karɓi hotuna da yamma sun koma dijital, injinan wankin sun mutu ko an sayar. Saboda haka kafin ka ba da ko sisi a kan kyamara, ka fara sanin inda za ka sayi fim da inda za a wanke maka shi. Idan babu wurin wanki kusa da kai, karanta amsar da ke kan wanke fim a gida kafin ka yanke shawara.

Wace kyamara ce ta dace da mai farawa?

Wadda za ka iya riƙewa a hannu ka gwada ta fi wadda ka ji ana yabo a intanet. Pentax K1000, da aka yi daga 1976 zuwa 1997, ita ce aka fi ambata wa ɗalibai, tare da Canon AE-1 ta 1976. Dukkansu masu kyau ne, amma sunan da suka yi ya ɗaga musu farashi fiye da kima. Yashica FX-3, Minolta SR-T 101, Ricoh KR-5 da Praktica MTL ta tsohuwar Jamus ta Gabas za su ɗauki hoto iri ɗaya a kuɗi ƙasa da haka. Zenit-E ta Tarayyar Sobiyet an yi ta da miliyoyi, tana da nauyi, saurinta, wato tsawon lokacin da take barin haske ya shiga, daga 1/30 zuwa 1/500 na sakan ne kawai, amma sau da yawa tana zuwa da lensin Helios-44 mai 58mm, wanda shi kaɗai ya cancanci kuɗin.

Akwai wasu da mutane ke rainawa saboda jikinsu roba ne: na ƙarshen zamanin fim, irin su Canon EOS 300 da Nikon F65. Suna saita kansu, suna jan fim da kansu, mitarsu ta auna haske ta fi ta tsoffin daidai. Ga wanda burinsa hoto ne ba ƙyallin ƙarfe ba, babu arahar da ta kai su. Matsalarsu batir, kuma an yi bayaninsa a ƙasa.

Ka guji duk wadda ke cin fim ɗin da ya ɓace ko yake da wuyar samu. Idan ka ga an rubuta APS, Advantix, 126 ko Disc a jiki, ado ce kawai ta saman kabad.

Mene ne bambancin kyamarar inji zalla da mai lantarki?

Ta inji zalla sifirin da giya ne ke tafiyar da ita. K1000, Nikon FM, Olympus OM-1, FX-3 da Zenit duk za su ɗauki hoto ko babu batir, mita ce kawai za ta yi shiru (ta Zenit-E ma ba ta cin batir). Mai lantarki irin AE-1 ko Minolta X-700 ta 1981, idan batir ya mutu komai ya tsaya. Idan kuma allon lantarkinta ya lalace, sai dai a nemi wata matacciya a ciro kayan. X-700 an san ta da mutuwar wata 'yar kafasita da ke sa ta ƙi bugawa, sai dai wannan mai gyaran rediyo mai natsuwa zai iya canza ta.

Kyamarar inji kamar keken ɗinki ce na ƙafa: zama ne ke kashe ta, ba aiki ba. Man da ke cikinta yana daskarewa idan ta yi shekaru ba a taɓa ta ba. Ko babu fim a ciki, ka riƙa ɗauko ta duk wata ka buga ta sau da yawa a kowane sauri.

A ina ake samun su?

Wuri na farko shi ne gida. Ka tambayi kawu ko baffa da ya yi aikin gwamnati ko ya je karatu waje a shekarun 1970 da 1980. Na biyu tsoffin masu hoto na unguwa, waɗanda suka yi zamanin bin bukukuwa da filin idi da kyamara a wuya. Da yawansu suna da biyu ko uku a aljihun tebur, kuma sun san tarihin kowacce. Ka je da ladabi, ka gaishe shi, ka ce, “Baba, ko akwai ta fim da aka ajiye?” Ko bai sayar maka ba, za ka fito da ilimin da babu shi a takarda. Sai dai ka tuna kyamarar mai sana'a ta sha aiki.

Sannan akwai masu kayan lantarki na gwanjo, da Jiji, da kasuwar Facebook. A eBay 'yan kasuwar Japan ne suka fi yawan kaya. Can ka karanta bayanin har ƙarshe, kada ka tsaya a kan babban taken da ke cewa kamar sabuwa ce, domin a layin ƙasa ne ake rubuta funfuna ko hazo. Ka haɗa kuɗin aiko da na kwastan cikin lissafi. Idan mai kaya ya ce “ban gwada ba”, ka ɗauka ba ta aiki, ka taya ta a kuɗin matacciya. In ba haka ba ka yi cinikin biri a sama.

Yaya zan gwada ta kafin in biya?

Ka tafi da sabon batir da fitilar wayarka. Fara da buɗe gidan batir. Idan ka ga farin gari ko koren tsatsa, tsohon batir ya fashe a ciki. Kaɗan ne, ana goge shi da ruwan khal a kan audugar goge kunne. Idan ya ci waya ya shiga ciki, mita ta tafi.

Daga nan ja maɓallin mayar da fim sama, bayan zai buɗe. Cire lensi, ka ɗaga kyamarar ta fuskanci farin bango ko sararin sama, ja hannun jan fim, ka buga. Fara da sakan 1: za ka ji wani zuuu na giya, sannan labulen da ke tare haske a gaban fim ya rufe. Idan ya yi jinkiri, ko ya tsaya a hanya sai ka girgiza, man ya bushe. Ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya har 1/1000, kowanne ya fi na baya gajarta. A 1/500 da 1/1000 ka tabbata ka ga walƙiyar haske a duk faɗin tagar, ba rabi ba. A kan B, labulen ya tsaya a buɗe muddin yatsanka na kan maɓalli. Idan labulen na ƙyalle ne, haska fitila ta gaba ka leƙa ta baya, kafin ka ja hannu da bayan ka ja, domin labule biyu ne. Ɗigon haske ko ɗaya yana nufin huji. Kada ka taɓa labulen da yatsa.

Sauran abubuwan dubawa: madubin ciki ya tashi ya dawo ba tare da mannewa a sama ba, allurar mita ta motsa idan ka juya daga inuwa zuwa rana, hannun jan fim ya tafi sumul. AE-1 tana da wani tari mai ƙara idan an buga. Bushewar mai ce a giyar madubi, ana gyarawa, amma dalilin rage kuɗi ne. Ƙura a tagar leƙe ba ta fitowa a hoto. Soson da ya narke ma ba abin fasa ciniki ba ne, duba amsar da ke kan jan layi a hoto.

Lensi fa, me zan duba?

A nan ya kamata ka fi ɓata lokaci, domin lensi ne ke yin hoton, jikin kyamara akwati ne mai tare haske. Buɗe ƙofar hasken da ke cikin lensin gaba ɗaya, haska fitila ta baya a karkace, ka leƙa ta gaba. Ƙananan ƙura kowane tsohon lensi yana da su, ba sa komai. Zare-zare masu rassa funfuna ce. Dishi-dishi a duk fuskar gilashin hazo ne, yana sa hoto ya fito fari-fari babu armashi. Kalar bakan gizo a gefe alamar gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ya fara saki, wannan gyaransa ya fi kuɗin lensin. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Sai ka mayar da zoben ƙofar haske kan f/16, wato ƙaramar ƙofa, ka taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan lensin. Ganyayen ƙofar haske su rufe su buɗe nan take, kuma su zama busassu. Idan suna sheƙi, mai ya malalo musu, za su riƙa makara, hotuna su ƙone da haske. Zoben saiti ya juya da ɗan nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ga mai farawa, 50mm f/1.8 ko f/2 ya wadatar. Kowane kamfani ya yi shi da yawa, yana da araha, kuma ya fi galibin tsoffin lensin zum kaifi. Idan ka samu Super-Takumar 50mm f/1.4 gilashinsa ya yi ruwan ɗorawa, ba lalacewa ba ce, sinadarin toriyom ne da aka sa a wasunsu, kuma hasken rana na kwanaki yana rage launin.

Kowane lensi yana hawa kowace kyamara?

A'a. Kowane kamfani da irin bakinsa. M42 mai zare ne kamar murfin kwalba, shi Zenit, Praktica da Pentax Spotmatic suke amfani da shi, kuma lensinsa sun fi kowanne araha. Pentax ta koma bakin K a 1975, Ricoh ma shi ta bi. Canon ta bar FD ta koma EF a 1987, kuma biyun ba sa shiga juna. Nikon ta riƙe bakin F tun 1959, amma lensin da aka yi kafin sabon tsarinta mai suna AI na 1977 zai iya karya wani ɗan kunne a jikin irin su FM2 idan aka tilasta shi. Duk lensin da ya ƙi shiga da sauƙi, kada ka matsa.

Da adafta mai sauƙi M42 yana hawa Canon EOS da Pentax K. A kan Nikon F ba zai saita abin da ke nesa ba sai da adafta mai gilashi, wanda ke rage kyan hoto. Kyamarorin dijital marasa madubi na Sony da Fujifilm kusan duk tsohon lensi suna karɓa, wannan ma yana cikin abin da ya tayar da farashinsu.

Wane batir zan sa?

Mafi sauƙi su ne masu cin LR44 ko SR44, irin na agogo da kalkuleta: K1000, FM, FX-3, X-700. SR44 ya fi, domin ƙarfinsa ba ya sauka a hankali. K1000 ba ta da makunnin kashe mita, murfin lensi ne makunninta, ka bar ta a buɗe batir ya ƙare. AE-1 tana cin 4LR44 mai bolt 6, kuma ƙofar batirinta tana saurin karyewa, a buɗe ta a hankali. Na roba na shekarun 1990 suna cin CR123A ko CR2, masu tsada, kuma ba kowane shago ke da su ba.

OM-1 da SR-T 101 an yi su ne don batirin makuri mai bolt 1.35, wanda aka daina yi saboda guba. Idan ka sa na 1.5 mitar za ta yi maka ƙarya. Mafita mai araha ita ce batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675, a naɗa masa zoben roba ya cika gurbin. Da zarar an ɓare takardarsa ba ya wuce 'yan watanni. Kowace kyamara ce, idan za ta kwanta fiye da wata, cire batir.

Mitar ta mutu. Shi ke nan?

Idan ta inji ce, ko kaɗan. Akwai manhajojin auna haske a waya. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida: a rana tsaka mai haske, sa f/16, sauri kuma ya yi kusa da lambar da ke jikin kwalin fim. Fim mai 200 ke nan 1/250. Da hazon hunturu ko gajimare mai sauƙi, f/11. A inuwar bishiya ko zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, f/5.6 ko f/4. Fim mai nagatif yana yafe yawan haske fiye da ƙarancinsa, don haka idan kana shakka ka ƙara. Wannan ya fi muhimmanci ga fuskokinmu masu duhu a cikin farar shadda: ka auna don fuska, ka bar rigar ta ji da kanta.

Me ke kawo jan layi ko lemo a jikin hotuna?

Haske ne ke kutsawa ta baya. A ramin da ƙofar baya ke zama, da wajen ƙyauren, akwai siririn baƙin soso. Bayan shekaru talatin ko arba'in yana narkewa ya zama danƙo mai kama yatsa. Kusan duk kyamarar Japan ta wancan zamani sai an canza mata.

Aiki ne na yamma ɗaya. Kankare tsohon da tsinken sakace, goge da auduga mai ɗan sifirit, ka kiyaye kada ɓurɓushi ya faɗa kan labule. Yanka sabon baƙin soso mai kaurin milimita 1 zuwa 2, ka manna. A dogayen ramukan baƙin zaren ulu na saƙa ma yana aiki. Akwai wani soson a saman madubi inda yake bugawa, shi ma canza shi, amma kada sifirit ya taɓa gilashin saitin da ke kusa, roba ce, zai ɓata ta har abada. Kafin ka samu lokaci, baƙin tef na lantarki a gefen ƙofar bayan ka sa fim zai riƙe ka.

Yaya zan kare ta daga funfuna?

Funfuna tana son abu uku: laima, duhu, da iskar da ba ta motsi. Jakar fata a ƙasan wadirob cikin watan Agusta ta haɗa duka ukun. Idan ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko an wanke sai tabon ya zauna.

Nemi robar abinci mai murfin da ke rufewa gam, ka zuba ƙunshin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi da magani. Wanda ke canza launi idan ya ƙoshi ya fi, ana busar da shi da wuta kaɗan a sake amfani. Laima tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ake so, kuma ƙaramar na'urar aunawa ba ta da tsada. Mazauna Jos, Abuja, Kumasi da Akara su fi kowa kula. A Kano, Sakkwato ko Damagaram, damina ce kawai lokacin haɗari. Lensin da ya riga ya kamu a ware masa tasa robar. Idan funfunar 'yar kaɗan ce a gefe, ka ci gaba da ɗaukar hoto da shi, da wuya ka ga bambanci.

Ƙurar hunturu fa?

Ita ce babbar abokiyar gaba a arewa, domin yashi ne mai laushi, yana ƙarzar gilashi yana kuma shiga giya. Kada ka taɓa goge lensi da bakin riga ko gefen mayafi. Fara da famfon iska na roba, bi da burushi mai taushi, sai a ƙarshe ƙyallen goge tabarau mai tsabta. Filta ta UV a gaba tana ɗaukar wahalar a madadin lensin. Canza lensi da sa fim a yi su cikin ɗaki ko mota, ba a filin hawan sallah ba. Madubin ciki rufinsa a fuska yake, iska kawai ake hura masa.

Yaya ake ajiye fim a wannan zafi? Wanda ya wuce wa'adi fa?

Zafi yana cin fim, musamman mai kala. Kada a bar shi ko kyamarar a mota a rana. Firji ya fi, amma da yanayin wutarmu ka sa shi cikin roba mai rufewa, don kada raɓa ta kama shi duk lokacin da aka ɗauke wuta. In ka fito da shi, bar shi awa biyu kafin ka buɗe gwangwanin. Wanda ka gama ɗauka kada ya daɗe ba a wanke ba.

Wanda ya wuce wa'adi ana ƙara masa haske, kusan ninki ɗaya ga kowace shekara goma: mai 400 a ɗauke shi a matsayin 200. Amma wannan ga wanda aka ajiye da kyau ne. Wanda ya shekara ashirin a shagon kwano sai abin da ka gani. Kada ka gwada sabuwar kyamara da shi, domin ba za ka san mai laifi ba. Kodachrome kuwa an daina wanke shi da kala tun ƙarshen 2010. A filin jirgi, nemi a duba fim da hannu, sababbin injinan binciken kaya na CT suna ɓata shi.

Na gama fim an wanke, babu komai a jiki. Me ya faru?

Duba gefen nagatif ɗin. Idan lambobi da sunan kamfani sun fito amma babu hoto, wanki lafiya yake: ko labule bai buɗe ba, ko fim bai kama ba tun farko. Na biyun ya fi yawa. Bayan ka rufe baya, juya maɓallin mayarwa a hankali har ka ji ya ɗan yi tauri. Daga nan duk lokacin da ka ja hannu, ya kamata ka ga maɓallin yana juyawa da kansa. Idan bai juya ba, lambar ƙirga tana tafiya ne a banza. Idan kuwa ko lambobin gefe babu, matsalar daga wurin wanki ce.

Zan iya wanke fim da kaina?

Baƙi-da-fari, ƙwarai. Kana buƙatar tankin wanki irin na Paterson, baƙar jakar da ake sa hannu a ciki, ma'aunin zafi, da sinadarai biyu: mai fito da hoto irin D-76, ID-11 ko Rodinal, da mai tabbatar da shi. Rodinal ya dace da mu, domin ɗigo kaɗan ake sa wa kuma kwalbar tana shekaru. Lokutan da ke jikin kwali na ruwa mai digiri 20 ne, misali HP5 a ID-11 marar sirki minti bakwai da rabi. A watan Afrilu ruwan tanki ya wuce haka nesa, sai an sirka da ƙanƙara. Ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ruwan leda mai kyau, ruwan rijiyar burtsatse yana barin tabo. A shanya a banɗaki bayan an yayyafa ruwa a ƙasa an rufe ƙofa, don ƙura ta kwanta.

Mai kala tsarin C-41 ne, yana son digiri 38 ba daɗi ba ragi, kuma sinadaran suna saurin lalacewa bayan an haɗa. A bar shi sai hannu ya faɗa.

Wane gyara zan yi da kaina, wanne zan kai wa mai gyara?

Soso, gidan batir, sake manna fatar jiki da share waje, duk naka ne. Labule, giya, mita da buɗe cikin lensi na wanda ya saba ne. Inda babu mai gyaran kyamara, tsohon mai gyaran agogo ya fi mai gyaran waya fahimtar ta inji. Ka roƙe shi abu biyu: kada ya fesa WD-40 ko man keke, domin zai bi ko'ina har kan labule da gilashi, sannan ya yi amfani da sukundireba mai bakin JIS, wato irin na Japan, na yau da kullum yana cinye kan ƙusoshin Japan.

Ƙananan kyamarori masu filasha a jiki kada ka buɗe su, akwai kafasita mai riƙe da kusan bolt 300 ko bayan an cire batir. Tsohuwar filasha ta sama ma kada a ɗora ta kan kyamarar dijital ba a auna ta ba, wasu tsoffin Vivitar 283 suna iya ƙona mata allo. Idan kuɗin gyara ya kai na sayen wani jikin, sayi wani mai baki iri ɗaya, ka mayar da lensinka kai, ka ajiye matacciyar don ciro kaya.